Faifan Yumɓu a Murhun Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu a fannin sinadarai a Sakkwato, ciwon kai ya matsa wa mahaifiyata. Tana toya masar sayarwa a gidanmu na Shagari, cikin wani ɗan ɗakin girki, da gawayi. Likita ya ce iskar gawayin ce, wata mai guba wadda ba ta da wari, ya ce ta bar sana'ar. Ta dube shi ta ce, "In bar tanda in yi mi?"

Ni kuwa bincikena a kan katalis yake, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Na tafi Bodinga wajen wata mai ginin tukwane, ta yi min faifan yumɓu mai huda-huda. Na shafe shi da garin sinadarin da zai sa gubar ta haɗu da oksijin ta zama iska marar wannan illa. Na ɗaura shi can sama kusa da rufin ɗakin girkin, ina ta yi wa Inna bayani kamar mai kare digiri.

Ciwon kai bai ko motsa ba.

Da na koma makaranta na faɗa wa malamina, sai ya yi murmushi. "Ka gina abu kafin ka tambayi yadda iskar ke tafiya," in ji shi. Muka zauna muka bi haɗuwar mataki-mataki. Ashe sai gubar ta samu wurin mannewa a jikin faifan tukuna, kuma sai da zafi. A can sama faifan ya huce, tururi kuma ya mamaye wuraren mannewar.

Na dawo na sauko da shi dab da garwashi, gefen murhun inda zafi ke fita. Don ƙarin tsaro na sa magini ya fasa taga a bango. Kafin damina ta wuce, Inna ta daina ɗaure kai da ƙyalle saboda ciwo.

Tun daga nan ba na haɗa komai a ɗakin gwaji sai na gano matakin da ke jan ƙafa. Inna kuwa har yau tana suyarta lafiya. In masu sayen masa suka tambaye ta me na karanto, sai ta nuna bango ta ce, "Ga shi nan, hwasa taga."