Bokiti Shida a Ƙasar Ruwa

Har yau ban yafe wa ɗana magana ɗaya ba, kuma ya sani. Shi ne ya ce mini, "Inna, ƙasar nan ruwa ya yi musu yawa har sayar wa maƙwabta suke yi, ki sake jikinki." Na sake jikin nawa kuwa, na jawo wa kaina kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Shekarun baya ne, shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina. Ɗan nawa yana aiki a Afirka ta Kudu, sai ya aiko aka kai ni, wai tukuicin karatu. Da na huta ya ce mu je yawon buɗe ido Lesoto, wata 'yar ƙasa mai sarki da ke can bisa duwatsu. Na ce mu je. Ni da nake karanta allon hanya yanzu, wa zai ɓatar da ni?

Sai kun san ko ni wace ce. A wani ƙauye kusa da Barmou, cikin ƙasar Adar, aka haife ni, inda jaki ke jan igiya har ya yi nisa kafin guga ya leƙo bakin rijiya. Wuyana ya san tulu kafin ya san sarƙa. Ko da na dawo Tahoua, gidan da ke da famfo, ban canza ba. Ruwan wankin shinkafa na akuya ne, na alwala na gindin zogale. Jikokina jandarman randa suke ce mini.

To, muna hawa muna kewaya duwatsu sai ga baraji, wato madatsar ruwa. Jama'a, ruwa ne shuɗi kwance tsakanin tsaunuka, ba a ganin ƙarshensa. Na ce ya tsai da motar. Na fita cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, na tsaya ina salati kamar wadda ta ga fatalwa. A nan ne ya faɗi maganar tasa.

Mun sauka a wani ƙauye bisa barajin, gidan wata tsohuwa sa'ata mai saukar da baƙi a ɗakin dutse mai jinka. Kullum tana lulluɓe da bargo, kamar kowa a can. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma duk sanda na buɗe ƙofa zan tarar da bokiti cike, wani lokacin har da ɗumi.

Ni kuwa na haukace. Wanka biyu a rana cikin wannan sanyin. Na wanke zannuwana har waɗanda ban ɗaura ba. Ɗauraya uku. In na gama in watsa ruwan a ƙasa, ina dariya ni kaɗai. Shekara sittin ina auna ruwa da moɗa, na ce yau sai na rama.

Rana ta uku bayan la'asar na zagaya bayan gida in ga wannan famfo mai albarka. Babu famfo. 'Yar hanyar ƙafa ce ta gangara kwazazzabo. Can ƙasa na hango mutum yana hawowa, kaya a ka, sanda a hannu. Taki kaɗan sai a tsaya, a dafa gwiwa. Na san wannan tsayuwar, mahaifiyata ta yi ta, ni ma na yi ta. Da ta matso na gane bargon. Na gane bokitin.

Na ƙwala wa ɗana kira.

"Kai, zo nan! Ina famfon gidan nan?"

"Inna, mi ya faru kuma?"

"Tambaye ta."

Ya tambaye ta da Turanci. Ta sauke kayan tana haki, ta yi dariya. Ya ce ta ce su nan unguwar ba su da famfo, maɓulɓula ce can ƙasa. Ruwan baraji ta ƙarƙashin dutse yake bi ya tafi manyan birane, gaɓarsa kuma ba ta saukuwa.

"Sau nawa ta sauka yau?"

Bai so ya tambaya ba. Na zare masa ido. Ta ɗaga yatsu shida.

"Don mi ba ta yi magana ba?"

Ya ce ta ce ba a auna wa baƙo ruwa. Sai ta ƙara wata magana, ya ƙi fassara mini. Na ce faɗa mini ko in ci mutuncinka a gabanta. Ya sunkuyar da kai. "Wai ta ga alama ƙasarku ruwa ba abin damuwa ba ne, ba ta so ki ji kin zo wurin wahala."

Ni! 'Yar Adar!

Ɗana ya ce, "Wallahi Inna, ni ma a takarda na karanta." Na ce, "Ni ma yanzu na iya karatu, kuma ban taɓa ganin takarda da tulu a ka ba. Kauce mini."

Na ce ban yafe masa ba, amma in za a faɗi gaskiya kason laifina ya fi nasa. Shi a gidan famfo ya girma. Ni fa? Tun ranar farko na ga gammo rataye a bakin ƙofarta. Na ga gefen bargonta a jiƙe. Na karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi don a ji na iya, amma rubutun da na fi kowa sani, shi na tsallake.

Washegari ina sallame sallar asuba na naɗe mayafina na yi gammo, na ɗauki bokitin. Ta fito ta kama mariƙin tana girgiza kai. Ta ja, na ja. Da na ga ba za ta saki ba, na zame ɗankwalina, na kamo hannunta na ɗora a tsakar kaina, inda tulu ya cinye gashi bai sake tsirowa ba.

Ta shafa wurin. Ta dube ni. Sai ta saki bokitin, ta ɗauki sandarta ta shiga gaba, na bi ta.