Filogi Huɗu a Kan Kwali

A layin makanikai, idan mota ta gagari kowa, sai a ce a kai wa Mai Kunne. Ya fi shekara talatin a gareji ɗaya shi da ƙanensa, rumfar kwano mai rami a tsakiya. Ba ya saurin ɗaukar sifana. Tsayawa yake ya karkata kai inji na aiki, can sai ya ce ciwon na wuri kaza, a buɗe kuwa a tarar haka ne. Yana ji da kansa a kan wannan, kuma gaskiya ya isa ya ji.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Na hagu ya mutu tun bara, na dama kuma kamar an cusa masa auduga. Tsoro yake ji ƙwarai. Ya san ranar da layin ya gane, zai zama tsohon da ake ba kujera a gaishe shi, a wuce da mota gaba.

Ana nan sai ga wata ma'aikaciyar jinya da motarta mai turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. In an taka totur sai ta riƙa fizga, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Sau biyu ana sa mata sababbin filogi, ba sa kwana goma sun yi baƙi da mai. Wani gareji ya ce ringi ne ya cinye a cikin injin, sai an sauke shi.

Mai Kunne ya karkata kai yadda ya saba, bai ji komai ba sai gunji. Kafin ya ɗago, ƙanen, mutum mai saurin hannu, ya kashe motar ya kwance filogin huɗu ya watsa su cikin gwangwanin fetur.

"Haba! Ka wanke mini shaida!" in ji Mai Kunne.

Ƙanen ya yi dariya. "Yaya, yaushe ka fara neman shaida? Ba ji kawai kake yi ka faɗa ba?"

Mai Kunne ya sa aka mayar da filogin, aka zaga gari da motar har ta sake fizga. Sannan ya huda kwali gida huɗu, ya kwance filogin da kansa, ya soke kowanne a gidansa bi da bi. Ya daɗe yana juya su a rana. Duk huɗun sun jiƙe da baƙin mai, babu wanda ya fi wani.

"Da ringi ne, ɗaya zai fi 'yan'uwansa baƙi," ya ce. "Wannan man tare da iska yake shigowa."

"Yaya, mu sauke injin nan mu huta."

"Ba a farke mai lafiya. Miƙo sukudireba."

Ya kwance ƙaton tiyon da ke kawo iska daga turbo, ya zura yatsa. Mai ya biyo hannunsa har gwiwar hannu. Ya taɓa fankar turbon, tana ta lilo. Nan ɓarawon yake. Kwana biyu suka yi a kai, suka canza turbo, suka wanke tiyo ɗaya bayan ɗaya, suka sa sababbin filogi.

Da aka zo tayarwa, makanikan layin sun taru, don labarin motar ya zaga. Inji ya tashi. Mai motar ta matso ta ce, "Baba, ya ka ji ta?"

Ya ɗora tafin hannu a kan injin. Babu fizga. Da ya gyaɗa kai shi ke nan, ba wanda zai gane. Amma matar nan hanya take bi da motar kullum, shi kuwa bai taɓa sallamar mota a kan zato ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya juya wajen ƙanensa, a gaban kowa, ya ce, "Zo ka saurara mini. Ni ba na ji."

Ƙanen ya kalle shi, idonsa ya ciko. Ya sunkuya kan injin ya daɗe, fiye da yadda aikin ke bukata.

"Lafiya lau take, Yaya."

Sai da ƙanen ya maimaita da ƙarfi. Mai Kunne ya rufe bonet, ya goge hannu a tsumma.

"To, shigo da ta gaba."