Matar da ta zauna cin abinci da ni cikin azumi

Shekara shida ke nan da rasuwar Maman Uche. Waɗanda suka zauna a Rikoto, cikin garin Zuru, za su tuna da ita. 'Yar kasuwa ce daga gabashin ƙasar nan, Kirista, mai shagon gari da manja da kayan miya a bakin layinmu. Ita da mijinta sun kama haya a gidan da ke jikin namu tun kafin a haife ni. A kasuwa ta koyi Hausa, shi ya sa har ta bar duniya ba ta raba "kai" da "ke" ba. Hawan jini ne ya kayar da ita wata safiya tana buɗe shago. 'Ya'yanta suka tafi da gawarta garinsu, har yau ban ga kabarinta ba. Ina wannan rubutu ne don ba domin Allah ya ajiye ta kusa da mu ba, da tuni an binne ni.

Ina aji biyar na sakandare abin ya soma. Ni yarinya ce mai jiki, 'yan ajinmu suna kirana buhun dawa, ina dariya tare da su, in na dawo gida in yi kuka. Ana shirin bikin wata 'yar'uwarmu muka je wajen tela, ya auna ni, ya ce a gaban mutane yadina ba zai isa ba sai an ƙaro. Aka yi dariya aka watse. Ni ban watse ba. Daga ranar na fara rage abinci.

Da farko yabo na samu. Na kama azumin Litinin da Alhamis, sannan na ƙara wasu ranakun a kai. Baba yana alfahari, yana ce wa baƙi ga malamar gidansa. Babu wanda ya san ba lada nake nema ba. Abin da ke cikina tsoro ne. In Inna ta ajiye mini tuwon dawa, gabana ya riƙa faɗuwa kamar an ce ga maciji. Wata murya a kaina tana ce mini in na ci loma ɗaya na lalace. Ina jin sanyi a tsakiyar bazara, gashina yana zuba, al'adata ta ɗauke. Duk da haka in na duba madubi, buhun dawan nan nake gani.

Da ramar ta yi yawa, yabo ya koma tsegumi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce aljani ya aure ni. Akwai waɗanda suka ce ƙanjamau, suka hana 'ya'yansu shan ruwa a gidanmu. An kai ni asibiti, an gwada zazzaɓi da taifot da gyambon ciki, ba a ga komai ba. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Baba, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya tsaya a kaina da kwano yana rantsuwa sai na cinye. Ƙarshe Baffa, wan Baba, ya kawo shawarar a kai ni wurin wani mai magani a wani ƙauye bayan Wasagu, inda ake barin maras lafiya wata da watanni. Mun sha jin cewa wanda ya ƙi magani a can ɗaure shi ake yi.

Ana cikin wannan shiri Inna ta aike ni sayen manja. Ina miƙa hannu in karɓa, ƙasa ta juya da ni. Na farfaɗo a bayan shago, kaina a cinyar Maman Uche, tana shafa mini ruwa. Ta kori masu leƙe, ta ja labule. Ta dube ni ta ce, "Balki, gaya mini gaskiya. Abinci yana ba ka tsoro?"

Kowa yana tambayata me ke yi mini ciwo, ko wa na gani a mafarki. Ita kaɗai ta yi tambayar da ke da amsa. Na fashe da kuka. Ta ce ƙanwarta da suke ciki ɗaya haka ta yi, can garinsu, suna 'yanmata. An kai ta gidajen addu'a, an yi mata duka, an yi mata ɗure. Sai da ta mutu wata ma'aikaciyar jinya ta ce musu cuta ce da aka sani, kuma ana warkewa.

Ranar tafiya Wasagu, da hantsi, mota tana ƙofar gida, an sa jakata a ciki. Maman Uche ta zo ta tsaya a bakin zaure, ta cika ƙofar da jikinta. Ina jingine da bango a tsakar gida ina jin su.

"Maman Uche, wagga magana ta cikin gida ce," in ji Baba. "Ki ba mu hanya."

"Malam, ni ba zan tashi ba. Ke yi addu'a, ni ma zan yi. Amma yarinyan nan a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato. In an kai shi daji, gawa za a kawo maka. Na gani da idona."

Baffa ya harzuƙa. Ya ce asibitin mahaukata take nufi, kuma duk ɗiyar da aka ji ta kwanta can ta gama samun miji a garin nan. Ya ce wa direba ya tayar da mota. Maƙwabta sun fara taruwa. Maman Uche, mace mai jika, ta durƙusa a ƙasa gaban Baba, ta kama gefen rigarsa. Ya ja da baya yana salati. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labulen zaure, ita da ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba.

"Malam, in ta mutu ma ba mai aurenta."

Baba ya nufi wajen mota. Sannan ya ce wa direba nawa ne zuwa Sakkwato.

A can aka kwantar da ni. Likita ya ce zuciyata ta yi rauni ƙwarai, da mun ƙara jinkiri da ba a san abin da zai faru ba. Shi ya fara gaya wa iyayena cewa cutar ƙin cin abinci cuta ce ta tunani, ba taurin kai ba ce, ba kuma hauka ba. Na yi makonni. Aka sallame mu gab da watan Ramadan da sharaɗi mai wuya: kada in yi azumi a shekarar, in ci abinci a kan lokaci, kuma kada a bar ni in ci ni kaɗai. Baba ya tambayi limamin unguwa, ya ce maras lafiya yana da uzuri, ya ciyar da ɗiyarsa. To amma wa zai zauna ya ci da ni da rana, alhali duk gidan ana azumi? Muryar nan ta cikin kaina ta yi murna. Ta ga ƙofa a buɗe.

Ranar farko ta azumi, rana tsaka, Maman Uche ta rufe shagonta ta shigo da sallamarta ta gwaranci. Ta ce wa Inna ta zuba mata abin da ta zuba mini. Ta zauna a tabarma ta wanke hannu. Haka ta yi har aka ga watan Salla, a lokacin da masu sayen kayan buɗe-baki suke tsaye a ƙofar shagonta suna jira, wasu su gaji su tafi wani wuri. Ba ta kallon bakina. Ci take yi tana ba ni labarin masu sayayya, da yadda ta iso Zuru a bayan motar kaya da ciki wata bakwai, ba ta jin ko "sannu". In na tsaya, ita ma ta tsaya, ta ci gaba da surutu, har in sake kai hannu.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai ranar da na yi jifa da kwano, miya ta ɓata mata zane, na ce mata ita ba uwata ba ce, ta fita daga gidanmu. Ta share jikinta ta ce wa Inna ta sake zubowa. Akwai ranar da na kulle ɗaki. Ta zauna a ƙofar, cikin rana, mace mai hawan jini, ta ce ita ma ba za ta ci ba sai na buɗe. Ina jin Inna tana roƙonta ta koma inuwa, ta ƙi. Da na buɗe, idanunta sun yi ja. A unguwa kuma magana ta tashi, wai wata Kirista tana sa ɗiyar Malam cin azumi. Har wasu suka daina sayayya a wajenta. Baba ne ya miƙe bayan sallar la'asar ya ce shi ya roƙe ta, duk mai magana ya same shi.

Bayan Salla ta ce wa Inna cutar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta je ta samo Malama Rifkatu, wata malamarmu 'yar ƙabilar Lelna, wadda ta riƙa zama da ni lokacin hutun tara a makaranta mu ci abinci. Ta yi magana da Inna Hajo, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ita kuma duk ranar kasuwa sai ta sauke ƙwaryarta ta dama fura mu sha tare. Ranar komawa ganin likita, in Baba ba shi da hali, ɗayarsu ke raka ni. Kusan shekara biyu muka yi a haka kafin in iya cin abinci a gidan biki ba tare da gumi ya karyo mini ba.

Yau ina da aure da 'ya'ya biyu, ina koyarwa a makarantar firamare. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. A lokacina dariyar 'yan aji tana ƙarewa in an tashi. Yanzu tana bin yarinya har cikin ɗakinta ta waya. Wannan tana tallan shayin rage ƙiba, waccan tana tallan ƙwayar ƙara ƙiba, kowace ta gyara hotonta har uwarta ba za ta gane ta ba. Na san da Maman Uche ta yi tsaki ta ce a jefa wayoyin a rijiya. Amma da wayar nan muka haɗa 'yar ƙungiyarmu. Mu kaɗan ne: ni, da Malama Rifkatu da ta yi ritaya, da wata ma'aikaciyar jinya, da iyaye mata da suka ga irin wannan a gidajensu. Mu ba likitoci ba ne. Abin da muka iya shi ne mu gane alamun, mu raka mutum asibiti, mu zauna mu ci da shi. Ni kaina bayan haihuwata ta fari muryar nan ta dawo, kuma su suka riƙe ni.

Watan jiya wata mata ta zo daga Danko a kan babur, da ɗiyarta Hauwa'u a tsakiya, an ɗaure ta da gyale don kada ta faɗo. Shekarunta sha huɗu. Mijin matar bai san sun zo ba. Yarinyar ta ƙi kallona, ta ƙi ruwan da na ba ta. Ma'aikaciyar jinyarmu ta duba ta, ta ja ni gefe ta ce wannan ba ta jira ba ce, sai asibiti. Muka bi su Danko neman yardar ubanta. Uban ya karɓe mu a waje, ya ce shi ya san wanda ya yi wa ɗiyarsa asiri, kuma ba ya son ya sake ganinmu. Haka na dawo gida. Ni ba ni da ƙarfin halin durƙusawa a ƙofar wani in ƙi tashi.

Na ba Baba labari. Ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi, hanyar kuma kowa ya san ba a binta da kwanciyar hankali yanzu. Washegari ya sa babbar riga ya ce a samo masa babur. Ban san duk abin da suka tattauna da uban Hauwa'u ba. Uwar yarinyar ta ce ta ji yana cewa, "Ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye. Mota tana ƙofar gidana." Da yamma aka wuce da Hauwa'u Sakkwato.

Shagon Maman Uche yanzu wani mai cajin waya ne a ciki. Yaran layinmu ba su san sunanta ba. Ba ta bar makaranta ko gidauniya ba, hotonta ma ɗaya nake da shi. Abin da ta bari shi ne a unguwarmu yau, in yarinya ta daina cin abinci, akwai gidajen da za su fara tambayar ta da kanta kafin su tambayi wa ya yi mata. Akwai dattijon da zai hau babur da ciwon gwiwa saboda ɗiyar da bai sani ba. Ban san ko wannan ya isa ba. Hauwa'u tana kwance har yanzu, likitoci ba su ce ta tsallake ba, duk lokacin da waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi.

Jiya wayar ta yi ƙara ina cikin aji. Uwar Hauwa'u ce, tana kuka har ban gane me take cewa ba, na dafa bango na fara salati. Sai da ta maimaita na ji. Wai yarinyar ta farka da safe ta tambaya ko akwai sauran kunu.