Kunnen Aulis na Dama

Faɗan da na yi da ƙanena Aulis a kan wani ƙarfe ne da bai fi kwalbar madara tsawo ba. Ya shigo mini kicin da bindigarsa, ya murɗa ƙarfen a bakinta yana murmushi kamar wanda ya yi sabon haƙori.

"Salansa ce, Yaya, mai rage ƙarar harbi. 'Yata ta aiko. Likita ya ce kunnen dama ma ya kama hanyar na hagu."

Na ce, "Shekara arba'in ina zama a barandar nan ina sauraronka. Harbi ɗaya in hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi, harbi uku in tara maza. Yanzu me zan saurara, tusar bindiga?"

"Ai akwai waya."

"Wayar da kullum take aljihun wandon da ka cire?"

Sai ya juyo mini kunnen hagu, wanda ya mutu tun tuni. Haka yake yi in magana ta ishe shi.

Aulis Moilanen bai taɓa zaɓar zama mai bin beyar ba, ƙatuwar dabbar dajinmu mai gashi da farce. Yana saurayi ya so ya bi abokansa ƙasar Suwidin aikin kamfanin motoci, sai babanmu ya kwanta ciwo ya bar masa kare da bindiga. Ya ce bari ya tsaya damina ɗaya. Ƙauyenmu na yankin Kainuu ya yi ta zubewa, aka rufe makaranta, aka rufe kanti, shi yana nan. Duk sanda mota ta buge beyar, ko wani mafarauci ya harbe ta bai kashe ba, 'yan sanda shi suke kira. Beyar mai rauni ba ta gudu da nisa. Takan shige sarƙaƙiya ta kwanta tana jiran wanda zai biyo ta, kuma in ba a bi ta ba, masu tsinkar 'ya'yan itacen daji ne za su taka ta. Sau biyu yana cewa ya daina. Sau biyu aka tambaye shi, to wa za a kira? Ya duba, babu.

Aikin kuwa na kunne ne. A cikin sarƙaƙiya ba ka ganin taki biyar gabanka, karensa Turre ne ido. In haushin ya tsaya wuri ɗaya, beyar na tsaye. In ya tsinke ya dawo da sauri, tana tafe. Kowane harbi yana gutsurar wannan kunnen da ya rage, shi ya sa ya karɓi salansar hannu biyu, har ya sa maƙeri ya rage tsawon bindigar don kada ta riƙa sarƙewa a rassa. Abin toshe kunne ya gwada ya yar, ya ce da shi ba ya sanin ta ina haushi ke zuwa.

Wata safiyar Satumba motar katako ta buge wata babbar beyar a kwanar fadama. Aulis ya tafi da Pentti, maƙwabcinsa mai ciwon gwiwa, ya ajiye shi a kan titi.

Pentti ya ce, "Tsoho, in ta cinye ka, ni zan gaji karen."

"Kai da ko kaza ba ta bin umarninka? Tsaya nan, kada ka motsa."

Ya shiga. Sa'a guda yana tafe cikin taɓo yana karkata kai kamar zakara, yana bin haushi da kunne ɗaya. Can haushin ya tsinke. Ya ɗaga bindiga, salansar ta ɗan taɓa reshe, ƙiftawar ido kawai ya rasa, amma a wannan aikin ƙiftawar ido da yawa ce. Harsashin ya same ta inda ya kamata, sai dai ta riga ta iso. Ta mutu a kansa. Nauyinta ya danne masa ƙafafu cikin taɓo, hannun hagu ya karye, wayar kuwa tana aljihun wando, ƙarƙashin gawar.

Ruwan fadama ya fara ratsa shi. Ya yi kira, muryar ba ta wuce bishiyar gabansa ba. Da hannu ɗaya da haƙori ya ɗura bindigar ya yi harbi uku. Pentti ya ji wani abu kamar ana buga ƙofar mota can nesa, ya kasa gane ta ina ne, ya ci gaba da tsayuwa inda aka ce ya tsaya. Ni a baranda ban ji komai ba.

Saura harsashi uku a aljihun ƙirji. Aulis ya daɗe yana kallon salansar. Ya san yadda guntuwar bindiga ke tsawa in an cire mata ita, ya san ba shi da hannun da zai rufe kunne. Turre na kwance gefensa yana kuka ƙasa-ƙasa, ya tsaya ya saurare shi sosai. Sannan ya kore shi nesa, ya cusa gansakuka a kunne, ya maƙale bindigar a hammata ya kwance ƙarfen.

Na ji su ukun, ɗaya bayan ɗaya, daga gabas da tsohon rumbun ciyawa. Kafin azahar maza huɗu sun ciro shi.

Ƙafar ta warke, hannun ma. Kunnen bai dawo ba. Yanzu sai ya kalli bakinka yake gane abin da ka ce, kuma rabi yake kamawa. 'Yarsa ta ce ya koma birni wurinta, ya je sati biyu, aka ce ba a ajiye kare mai haushi a benen, ya dawo. Aka sa masa na'urar ji, ya ce ƙarar tafasar ruwa kawai take kawo masa.

Da kaka ta zagayo, saƙo ya shigo wayarsa. Wata beyar ce kuma, da harsashi a cinya, kusa da inda matan ƙauye ke tsinkar 'ya'yan itace. Na same shi a ƙofar gida yana ɗaura wa Turre abin wuya mai nuna inda kare yake a fuskar waya. Bindigar na jingine, da salansarta.

Na kama haɓarsa na juyo da fuskarsa. "Ka ce musu a'a."

"Wa za su kira, Yaya? Pentti?"

"To cire wannan tsiyar. Me ya rage maka da za ta kare? Ni dai in ji ka."

Ya kalli bakina har na gama, ya girgiza kai, ya shafa kan karen. "Nasa fa? Shi ke ji mini yanzu. In na kashe nasa, mu biyu mun zama kurame a cikin sarƙaƙiya."

Ya rataya bindiga, ya saka kare a bayan mota, ya ba ni baya. Na san ba zai ji ba, amma na faɗa.

"Zan hura wutar sauna da azahar, Aulis, ko na ji ko ban ji ba. Kada ka sa in ɓata itace."