Ruwan da Ke Cikin Haƙarƙarin Dutse

Shekara talatin da huɗu Baba Mai Rijiya ya yi yana shiga ƙasa da diga da guntun shebur, har babu unguwar gefen birni da bai bar mata rijiya ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba, amma in aka taɓo zancen ƙasa sai an roƙe shi ya yi shiru. Da ya damƙi ƙasa ya sansana zai faɗi gaba nawa za a haƙa kafin a tarar da ruwa, kuma da wuya ya kuskure.

Sai birni ya kumbura. Fadamar da yake wanke kayan aikinsa aka cike ta, aka jera benaye. Kowane gida ya kira masu injin burtsatse, kowa na gasar zurfi da maƙwabcinsa, ga damina uku a jere ba su yi abin kirki ba. Rijiyoyinsa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, wasu ma aka mai da su juji. Wannan ya ci masa rai fiye da rashin aikin.

Rannan ya ce wa matarsa su tattara, wani tsohon abokin aikinsa ya bar masa ɗaki biyu a wani ƙauye can kan duwatsu. Ɗansu ya yi ta faɗa a waya, wai ga ɗaki a gidansa hawa na huɗu, ga famfo, me tsofaffi za su nema a daji. Matar ta bi mijinta, amma da sharaɗi: gwiwoyinta ba za su iya hawa da sauka da jarka ba. In rani ya ƙare bai samar mata ruwa kusa da gida ba, wurin ɗanta za ta koma, in ya ga dama ya biyo ta.

Safiyar farko a ƙauyen ya fito ƙofa ya kasa motsi. Gajimare ne a ƙasa da ƙafafunsa, fari fat, kawunan duwatsu sun leƙo ta cikinsa. Shi da ya saba ganin sama kamar bakin tulu daga ƙasan rami, yau ga ta ta ko'ina. Tsoro ya kama shi, da wani daɗi da bai san sunansa ba.

Ya fara aiki yadda ya iya. Ya nemi kwari mafi ƙasa, ya haƙa gaba uku, diga ta daki dutse ta dawo masa. Ya koma gaba ya sake haƙawa, haka dai. Matarsa ta leƙa rami na biyu ta tambaye shi ko rumbu yake gina mata a ƙasa. Bai yi dariya ba, don rani ya yi nisa.

Wata tsohuwa mai kiwon awaki, wadda ta yi kwanaki tana kallonsa daga kan tudu, ita ta gaji ta sauko.

"Malam, ƙasa kake ta nema," in ji ta. "Mu nan ruwanmu a sama da kai yake."

Ta ja shi suka hau bayan gidansa, har gindin wani bangon dutse. Komai ya bushe ƙayau, sai wani ɓaure guda da ya maƙale a tsaga, ganyensa shar. Ƙudan zuma na sauka a tsagar suna tashi. Baba ya zura hannu, sanyi ya ratsa shi har kafaɗa. Kunya ta kama shi, gwani guda, ashe bai taɓa ɗaga kai ba.

Kwana goma sha tara ya yi a durƙushe yana haƙa ta gefe, ba ƙasa ba, cikin haƙarƙarin dutsen. Ranar ta ashirin da hantsi tsakuwa ta jiƙe, sannan ruwa ya sulalo ta tsakanin yatsunsa. Ya kara kunne a jikin dutsen ya ji ƙugi can ciki, mai nauyi, wanda bai taɓa jin irinsa a wata rijiya ba. Ya zauna a wurin yana hawaye, bai ma damu ya share ba.

Matarsa ta lallaɓo da sanda ta hawo. Da ta ji ƙugin ta ce ya ƙara sara biyu mana, ai ƙorama za ta ɓalle. Shi ma ya san haka. Amma a makon nan ya hango masu awon fili a gindin dutsen suna kafa turakun siminti, irin waɗanda aka fara kafawa a fadamarsa kafin a jera benaye. Ya ɗauko bututu mai kaurin babban yatsa ya cusa, ya liƙe gefensa da laka.

"Wannan ya ishe mu sha da girki, ya ishi maƙwabta da awakin baiwar Allahn nan," ya ce. "In ya fi haka, labari zai sauka ƙasa."

Ta daɗe tana kallon siririn ruwan yana gangarawa wajen ƙofarta. Ta tara hannu ta sha, haƙoranta suka ɗauki sanyi. Da yamma ta hau tudun da waya ke kamawa ta kira ɗanta, ta ce keken ɗinkin nan da ta ɓoye a gidansa don ta san za ta dawo, ya sa a mota a kawo mata.