Ɗigo Mai Wutsiya

Wata Asabar ce cikin Agusta, ina aji huɗu na firamare, aka kawo wuta a Samaru da hantsi bayan kwana uku ba mu gan ta ba. Ina tsugune gindin mangwaro ina wanke-wanke, Mama na ɓarar gyaɗa, sai ga Baba ya fito daga ɗaki ko takalmi babu. "Rifkatu, bar kwanukan nan, zo ki karanta mini kafin su ɗauke!"

Ƙaramin ma'aikacin ofis ne, amma Allah ya jarrabe shi da son rubuta manhajar kwamfuta. Ya sayo wata tsohuwar kwamfuta a unguwar PZ mai ƙugi kamar injin markaɗe. Da yake wuta ba ta da alkawari, a littafin makaranta yake rubuta komai da biro, ko a gona ne in ya zauna hutawa kan kunya. Ranar da aka kawo wuta, ni in karanta, shi ya buga. Ban san ma'anar ko layi ɗaya ba. Na dai san kowane layi yana ƙarewa da wata alama da ya raɗa wa suna "ɗigo mai wutsiya", kuma in na tsallake ɗaya, aikin duka ya ƙi tashi. Ranar na tsallake, don hankalina na kan ƙawayena masu wasan 'yar gala-gala a ƙofar gida. Muka shafe awa biyu muna nema, muna ganowa aka ɗauke wuta. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya shafa kaina ya ce, "Kwamfuta ba ta fushi, amma ba ta yafiya." Mama ta ce ita dai ba ta ga akwatin nan ya taɓa tuƙa tuwo ba.

Bara Baba ya rasu a asibiti a Shika. Zumuntar matan coci suka yi waƙa, na raba abinci, na karɓi gaisuwa, ko ɗigon hawaye ban yi ba. Har yau ban yi ba. Littattafansa gara ta cinye, kwamfutar ce kaɗai ta rage, ita ma ta ƙi kunnuwa. Na kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Gari, ya ce, "Anti, sau ɗaya za mu iya gwadawa, in ya ƙi shi ke nan." Fayil guda ya tsira.

Yanzu a Kaduna nake, ina da wutar sola, wayar hannuna ta fi injinsa ƙarfi, ba wanda ke kirana in karanta masa komai. Na buɗe fayil ɗin. A tsakanin layukan ya bar wa kansa bayanai da Hausa, na ƙarshen ya ce: "Wannan bai yi ba tukuna. In Rifkatu ta zo Kirsimeti mu duba tare."

Wancan Kirsimetin ban je ba. Na ce masa aiki ya yi mini yawa, ya ce ba komai. Har yanzu ina zaune da wannan "ba komai" ɗin.