Tambayar da Baba Waigi Bai Yi Ba

Mahaifina bai taɓa mallakar mota ba, ko lasisin tuƙi ba shi da shi, amma shekara ashirin da bakwai direbobi suna shan faɗa a bakinsa, kuma ba mai tanka masa. A bakin kogi yake aiki, inda jirgin fito ke sauke motoci. Daga faifan ƙarfen jirgin zuwa titi akwai gangaren siminti mai tsawon mota biyar, nan ne ofishinsa. Kayan aikinsa bokitin yashi ne, da tsintsiyar ƙarfe, da wani guntun katako mai igiya da yake cusawa bayan taya idan mota ta fara zamewa. Katakon nan, wato waigi, shi ne ya ba shi suna, har mu 'ya'yansa Baba Waigi muke ce masa a bayan idonsa.

Abokiyar gabansa ɗaya ce, gansakuka. Duk sanda ruwa ya ja baya, sai ya bar koren santsi a ƙasan gangaren, wanda ko akuya ta taka sai ta zauna. Saboda haka kafin kowace mota ta sauka daga jirgi, Baba zai ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Taka wace iri ce?"

Idan direba ya ɗaga hanci ya ce, "Ƙafa huɗu ce," to ya taɓo Baba. "Jaki ma ƙafa huɗu gare shi. Wace iri?"

Shi a wurinsa iri uku ne. Akwai mai kwana a shirye, wadda tayoyinta huɗu ke ja koyaushe, ita takan haye sumul. Akwai mai sanda, wadda sai direba ya saka mata giyar da hannunsa, in ya manta kuwa ba ta da maraba da tasi. Sai mai jira, wadda ya fi tsana. Ita da gaba take tafiya, bayan yana barci, sai gaban ya zame tukuna bayan zai farka a firgice ya banko motar. A kan titi ba ka ma jin hakan. A kan gansakuka kuwa wannan bankowar ce ke juya ƙugun mota. Masu irin wannan sai ya sa sun danna maɓallin da ke ɗaure gaba da baya tun kafin su motsa, ya sauke kowa daga ciki, ya sake zuba yashi. Babban mutum ko ƙarami, kowa haka yake yi masa.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin Baba ke mutuwa a gabansa, maigidana. Wallahi abin yana ba ni haushi. Mutumin da ke daka wa masu manyan motoci tsawa, da ya ga surukinsa sai ya sunkuyar da kai, "Malam, an zo lafiya?" Shi ke nan an gama hira.

Shi kuma maigidan nawa, mutumin kirki ne, ba na ƙwace masa, amma da ya sayi motar nan sai da kunnena ya yi ciwo. Ƙafa huɗu da safe, ƙafa huɗu da yamma. Littafin motar kuwa yana cikin ledarsa, ko buɗe shi bai yi ba.

Ranar wata Asabar da hantsi muka hau jirgin za mu gaida Inna, da 'yarmu mai wata tara tana barci a kujerarta ta baya, an ɗaure ta da bel. Ruwa ya ja sosai a makon, koren nan ya fi tsawon mota. Mu ne na shida a layi, biyar ɗin farko sun kwashe yashin da tayoyinsu. Na ga Baba ya taho da waiginsa a kafaɗa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa gilashi, sai suka haɗa ido da surukinsa. Hannun ya sauka.

"Malam, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Na fita, don na san dokar tun ina goye. Na kama ƙofar baya zan ɗauko yarinyar, maigidana ya ce, "Haba, ƙyale ta, da ƙyar ta yi barci. Taku nawa ne? Ƙafa huɗu ce fa." Na dubi Baba ina jiran tsawar da na saba ji. Ya dubi bokitinsa, ya dubi ƙasa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na saki ƙofar na taka zuwa sama.

Ina juyowa na ga tayoyin gaba sun hau koren suna juyawa a banza, suna feshin ruwa. Maigidana ya ƙara wuta. Tayoyin baya suka farka da ƙarfi, suka tokare faifan jirgin har jirgin ya ja baya, ƙugun motar ya wulla hagu. A nan ya tsorata ya take birki, kuma birki a kan gansakuka sunansa kawai birki. Motar ta fara sulalewa baya a karkace, a hankali, tayoyi huɗu a tsaye cak, tana nufar gefen gangaren inda simintin ya yanke, ruwa mai zurfin mutum biyu yana ƙasa. Ta wannan gefen kujerar 'yata take.

Na kurma ihu. Na ruga, santsi ya kwashe ni, na faɗi a kan gwiwa.

"Kada ki taɓa motar nan!" Baba ne. Ya riga ya isa bayan tayar hagu, ya cusa waigin. Waigin ma ya bi santsi, taya tana tura shi. Akwai wani zoben ƙarfe a jikin simintin da ake ɗaure jirgi, taku ɗaya daga baki. Baba ya kwanta rub da ciki a cikin koren, ya karkata katakon da hannunsa har gindinsa ya tokari zoben. Na ji ƙas, motar ta tsaya. Hannunsa na dama yana tsakanin katakon da ƙarfen.

Masu jirgi suka taso, Baba ya ce kowa ya tsaya inda yake, in aka jijjiga motar waigin zai kuɓuce. Yarinyar ta farka tana tsala kuka. Ina hango tafin ƙafarta ta gilashi, ba ni da ikon zuwa.

"Kai!" Baba ya daka tsawa, irin wadda duk bakin kogin ya sani. "Kai, mai ƙafa huɗu! Dubi kusa da giya, akwai maɓalli mai hoton tayoyi?"

"Akwai, Baba."

"Danna shi! Wutar alama ta kama a gabanka?"

"Ta kama."

"Miƙe sitiyari. Ke, yashi, gaban kowace taya, ki bar ta wajena!" Na rarrafa na jawo bokitin, ina watsawa da hannu ina kuka. "To, saki birki, ka taka mai kaɗan. Kaɗan na ce! In ka ji tana gurnani kada ka ɗaga ƙafa, aikinta take yi. Ka ɗaga ƙafar nan, wallahi sai na ci mutuncinka!"

Motar ta yi nishi. Taya ɗaya ta juya a banza, ta tsaya, sauran suka ciji yashin. Ta matsa taku ɗaya, ta ƙara, sannan ta haye busasshen siminti kamar ba ita ba. Na fizge ƙofar na rungume 'yata. Da na waiwayo, Baba yana zaune a cikin koren, ya naɗe hannunsa da gefen rigarsa, rigar ta riga ta rine da jini.

Yatsu biyu aka cire masa. A asibiti maigidana ya durƙusa gaban gadon yana hawaye, yana cewa laifinsa ne. Baba ya ce, "Kai ba ka sani ba. Ni na sani, na yi shiru." Daga nan ya juya fuskarsa bango. Na so in yi musu faɗa su biyun, sai na tuna wadda ta saki ƙofar.

Bayan wata biyu Baba ya koma aiki, ya mayar da waigin kafaɗar hagu. Ranar da muka sake hayewa, tun daga tsakiyar kogi idona yana kan gangaren. Ya taho, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsu ukun da suka rage, babu sallama, babu an zo lafiya.

"Taka wace iri ce?"

"Mai jira ce, Baba. Na danna."

Ya leƙa ya ga wutar da idonsa. Sannan ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya kwance bel ɗin, ya saɓa jikarsa a kafaɗa, ya hau da ita har titi kafin ya ɗaga wa motar hannu.